ZAUREN IYALI: Turaren Lemu Mai Tsada da Zafin Bazara

  Ga shi bazara ta kankama, rana tana dukan kwanon rufi tun da hantsi, da dare kuwa kowa ya ja tabarmarsa zuwa tsakar gida.

A cikin wasiƙun da suka iso mini a wannan wata akwai wata daga Numan, wadda na ga ya kamata mu karanta tare, gama abin da ya faro daga kwalbar turare yana nema ya raba wa da ƙane. Na ɓoye sunan mai wasiƙar kamar yadda ta roƙa. Ga abin da ta ce:

"Mama, ina gaishe ki da fatan alheri. Bana muka cika shekara goma da aure. Ashe maigidana ya daɗe yana tara kuɗi a ɓoye domin ya yi mini kyauta. Da ƙanensa zai dawo daga karatu a ƙasar Italiya, sai ya aika masa da kuɗin, ya ce ya sayo mini turare mai kyau wanda zai dace da zafin garinmu. Kuɗin sun fi na buhun shinkafa biyu. Turaren ya zo cikin kwali mai kyau, ƙanshinsa kamar an ɓare sabon lemu a ɗaki. Amma Mama, in na fesa da ƙarfe takwas za mu tafi sujada, kafin a tashi ba na jin kome. Matan unguwarmu sun ce jabu ne, wai ƙanen mijina ya sayi na banza ya soke sauran kuɗin. Maganar ta kai kunnen maigidana, yau mako uku ke nan ba ya amsa gaisuwar ƙanensa. Shi kuwa yaron ya tsaya a kan cewa a babban kanti ya saya. Mama, turare mai tsada yakan gudu haka? In kuwa na gaske ne, ya kamata a sake saye in ya ƙare?"

'Yata, na gode da wasiƙarki. Abu guda zan faɗa miki tun da fari, ki kuma faɗa wa maigidanki yau ɗin nan: saurin gushewar ƙanshi ba shaidar jabu ba ce a turaren lemu. Halinsa ke nan, ko na wane kamfani ne, kome tsadarsa. Bari in bi da ke daki-daki, domin ki sami abin da za ki amsa wa matan unguwa da shi.

ABIN DA KE CIKIN KWALBAR

Ki ɗauki lemun zaƙi ki ɓare, ki matse ɓawon kusa da hancinki. Za ki ga wani ɗan ruwa ya fantsamo kamar raɓa, ƙanshi ya cika wurin. Wannan ba ruwan lemu ba ne, mai ne da yake cikin ƙananan ramukan ɓawon. Ki shafa shi a bayan hannu, ki ci gaba da shararki. Kafin ki gama tsakar gida ƙanshin ya yi rauni. To, irin wannan mai shi ne kan gaba a cikin turarenki. Masu sana'ar suna samunsa ta wurin kankare ɓawon da matse shi, ba tare da sa wuta ba.

Masana sun auna man ɓawon lemun zaƙi, sun tarar fiye da kashi 90 cikin 100 nasa wani sinadari ne guda, wanda ake kira limonen. Ƙwayoyinsa ƙanana ne marasa nauyi, suna saurin tashi su bi iska. Tashin nan nasu shi ne ƙanshin da muke ji, gama abin da bai tashi ba hanci ba ya jinsa. Amma abin da ya tashi da sauri, da sauri yake ƙarewa. Zafi kuwa ƙara masa sauri yake yi, kamar yadda wanki yakan bushe nan da nan a watan Afrilu, amma da damina ya wuni a kan igiya.

Masu haɗa turare sukan kasa ƙanshi kashi uku. Akwai na sama, wanda yake fara bugun hanci, shi ne kuma yake fara tafiya. A nan lemu yake. Akwai na tsakiya, na furanni da ganyaye, wanda yakan yi 'yan sa'o'i. Sa'an nan akwai na ƙasa, na itace da saiwa da ƙaro da miski, wanda yakan manne wa jiki da tufafi har gobe. Turaren lemu yawancinsa na sama ne, na ƙasan kaɗan ne ƙwarai.

Ki kuma duba abin da aka rubuta a kwalin da Faransanci. In kin ga Eau de Cologne, bisa ga al'adar masu sana'ar man ƙanshin da ke ciki wajen kashi 2 zuwa 5 ne cikin 100, sauran duk barasa ce irin wadda ba a sha, da ɗan ruwa. Eau de Toilette yakan kama daga kashi 5 zuwa 15. Eau de Parfum daga 15 zuwa 20. Wanda aka rubuta Parfum kaɗai ya fi su duka kauri. Saboda haka in naki na farkon ne ko na biyun, ga mai marar nauyi, ga shi kuma an tsinka shi. Ina zai sami ƙarfin wuni a Numan?

INDA AKA FARO SHI

Asalin irin wannan turare daga Turai ne. A farkon ƙarni na 18 wani mutumin Italiya mai suna Giovanni Maria Farina, wanda ya zauna a birnin Kolon na ƙasar Jamus, ya haɗa man lemu iri iri cikin barasa, ya raɗa masa sunan garin, Eau de Cologne, watau ruwan Kolon. Gidan kasuwancin iyalinsa, wanda aka kafa a 1709, yana nan har yau. Daga baya wani gida a garin, na iyalin Mülhens, ya fito da nasa, wanda duniya ta sani da lamba 4711, watau lambar gidan da ake yinsa a lokacin. A zamanin nan har sha ake yi da sunan magani. Sai a 1810 Napoleon ya kafa doka cewa duk mai sayar da magani na asiri ya bayyana abin da ke ciki. Masu ruwan Kolon suka gwammace su sayar da shi a matsayin turare kawai, don kada su tona sirrin haɗinsu.

Manyan gidajen turare suka bi sahu. A 1853 gidan Guerlain na Faransa ya yi Eau de Cologne Impériale domin Sarauniya Eugénie, matar Napoleon na Uku. A 1916 aka fara Colonia na Acqua di Parma a birnin Parma na Italiya, mai lemu a sama, da furen lafinta da wardi a tsakiya, da sandal da saiwar wata ciyawa 'yar'uwar jema a ƙasa. A 1966 gidan Dior ya fito da Eau Sauvage, wanda gwanin haɗi Edmond Roudnitska ya yi, ya sa masa wani sabon sinadari mai suna hediyon, mai ɗan ƙanshin furen yasmin, wanda yake ɗan ja wa sanyin ƙanshin tsawon rai. A 1979 gidan Hermès ya fito da Eau d'Orange Verte, na ɗanyen lemu da ganyensa.

Dalilin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne ki gane abin da aka yi turaren dominsa. Ba a yi shi don ya wuni a jiki ba. An yi shi ne a yayyafa bayan wanka, ko a ɗiga a hankici a goge goshi, mutum ya ji sanyi ya wartsake, in an jima ya sake. Shi ya sa tun dā akan sayar da shi cikin manyan kwalabe. Ki kuma tuna da ƙasar da aka yi shi dominta. A Kolon, a tsakiyar lokacin zafinsu, ma'auni yawanci yana wajen digiri 25 da rana. A Parma wajen 30. A garinku kuwa, a watan Maris da Afrilu, yakan kai 40 har ya wuce. Turaren da ba ya daɗewa ko a ƙasarsa, yaya zai yi a bakin Binuwai?

TO, ME YA SA YAKE DA TSADA?

Tsadar kashi biyu ce, ya kamata ki san su duka.

Kashi na fari na gaske ne. Akwai wani irin lemu mai ɗaci da ake kira bargamot, wanda ba a shansa kamar lemun zaƙi, don ɓawonsa ake nomansa. Mafi yawan mansa na duniya daga bakin tekun Kalabiriya yake fitowa, can ƙarshen kudancin Italiya, ko da yake ana samun kaɗan a Kwaddibuwa nan Afirka ta Yamma. Ana tsinke shi tsakanin Nuwamba da Maris, sai an tara wajen kilo 200 na 'ya'yan kafin a sami kilo guda na mai. Sa'an nan akwai itacen lemun ɗaci, wanda ake samun mai iri uku daga jikinsa: ɗaya daga ɓawo, ɗaya daga ganye da ƙananan rassa, ɗaya kuma daga fure. Na furen shi ake kira neroli. Da hannu ake tsinke furen ɗaya bayan ɗaya a ƙasashen Tunisiya da Maroko da Masar, sai kuma an dafa kamar tan guda na fure kafin a tace kilo guda na mai. Ki ƙiyasta hannuwa nawa ke nan. Turaren da aka sa wa waɗannan da yawa ba zai yi araha ba, hanci kuwa yana jin bambancin: ƙanshinsa yana da ɗan ɗaci da ɗan ɗanyen ganye, ba zaƙi kaɗai ba.

Kashi na biyu kuwa ba ya shiga hanci. Man ɓawon lemun zaƙi na cikin mafi araha a dukan man ƙanshi, gama daga ɓawon da masana'antun ruwan lemu suka rage ake samunsa, musamman a ƙasar Birazil. Shi ne ake sawa a sabulun wanke kwanoni. Saboda haka kalmar lemu a kan kwali ba ita ce take kawo tsada ba. Mai saye yana biyan kuɗin suna, da kwalba, da kwali, da talla, da hayar babban kanti, da kuɗin fito. Araha ba ta ado, haka ne. Amma tsada ma ba ta sayen tsawon rai ga abin da halittarsa ta tashi ce.

GWAJIN DA NA YI

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Da wasiƙarki ta zo, na aro irin wannan turare a wurin 'yar ƙanwata, wadda ta saya a kantin masu yinsa, watau babu batun jabu. Na gwada shi kwana uku, ina rubuta abin da na ji.

Rana ta fari na fesa sau biyu a wuyan hannu da ƙarfe bakwai na safe, bayan wanka. Da farko na ji sanyi a fata, wannan aikin barasar ne sa'ad da take tashi. Ƙanshin ya fito da kaifi da tsabta, har na tsaya ina sake sunsunawa. Bayan minti 20 kaifin ya ragu, ɗacin ɓawo da ɗanyen ganye suka bayyana, nan ne ya fi yi mini daɗi. Da ƙarfe takwas lemun ya ja baya, sai fure da lafinta. Da ƙarfe goma sai na kai hannu hanci kafin in ji. Da tsakar rana abin da ya rage ɗan ƙanshin itace ne, kamar na jikin wanda ya yi wanka da sabulu mai kyau.

Rana ta biyu na fesa da ƙarfe biyu na rana, na taka zuwa kasuwa. Kafin in iso, tafiyar rabin sa'a, lemun ya tafi. Kafin in dawo gida babu sauran abin kirki. Zufa da rana sun cinye shi.

Rana ta uku na sake dabara. Na shafa ɗan basilin marar ƙanshi a wuyan hannu kafin in fesa, na kuma fesa a farin hankici na auduga na sa a jaka. Na hannun ya ɗan ƙara daɗewa, gama maiƙo yana riƙe ƙanshi fiye da busasshiyar fata. Na hankicin kuwa har la'asar ina jinsa in na buɗe jaka, domin tsumma ba shi da ɗumin jiki, ba ya kuma yin zufa.

Wani abu kuma ya faru a ranar nan wanda ya shafe ki. Wajen ƙarfe tara, ni na riga na daina jin kome, sai jikata ta shigo ta ce, "Kaka, wa ya sha lemu bai rage mini ba?" Ashe ƙanshin yana nan, hancina ne ya saba da shi. Haka hanci yake: abin da ya daɗe yana ji yakan daina kawo labarinsa, kamar yadda mai gida ba ya jin ƙanshin ɗakinta sai baƙo. Saboda haka kafin ki ce turarenki ya tafi, ki tambayi wadda take zaune kusa da ke.

AMFANINSA A LOKACIN ZAFI

Mu mun tashi muna auna turare da daɗewa. Humra da turaren wuta sukan kwana a zane har a wanke shi ba su fita duka ba. Bintu Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na London ya fara a 1920, mai ne ba barasa a ciki, ɗigo kaɗan ya ishe ki wuni. Da wannan mudu matan unguwarku suka auna turarenki, shi ya sa suka ce jabu ne. Amma ba a auna nono da mudun gero.

Zafin da yake kore turaren lemu shi ne kuma yake ƙara wa mai nauyi ƙarfi. Kowa ya taɓa shiga motar haya da tsakar rana, ko ya zauna a cikakken ɗakin taro an rufe tagogi, kusa da wadda ta yi wanka da turare mai kauri, ya san abin da nake faɗi. Ƙanshin yakan gauraya da zufa ya toshe numfashi, waɗansu su kamu da ciwon kai, masu ciwon asma kuwa su sha wuya. Turaren lemu ba ya yin haka. Yana tsayawa kusa da jikin mai shi, ba ya cika ɗaki, ba ya damun maƙwabci a kan benci. Ga malamar makaranta, ko mai aikin jinya, ko mai zaman ofis, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. A nan ƙanen mijinki ya yi tunani. An ce masa ya sayo wanda zai dace da zafi, irin wanda kowane mai kanti a Italiya zai miƙa masa ke nan.

Amma kada kowa ya ɗauka turare zai maye gurbin wanka. Warin jiki daga ƙwayoyin halitta ne da ke cin zufa a fata, ruwa da sabulu da wankakkun tufafi ne maganinsa. Turare a kan tsabta yake kyau.

GARGAƊI BIYU

Na fari game da rana ne. Man bargamot yadda ya fito daga ɓawo yana da wani sinadari mai suna bargaften. In ya taɓa fata, rana kuma ta doke wurin, yakan ƙona shi ya bar baƙin tabo, sau da yawa a gefen wuya inda turaren ya gangara, tabon kuwa yakan yi watanni bai gushe ba. Man ɓawon lemun tsami ma yana da irin wannan hali. Ƙungiyar masu yin turare ta duniya, IFRA, wadda aka kafa a 1973, ta sa iyaka ga yawan da za a sa, manyan gidaje kuwa yanzu sukan yi amfani da man da aka tace aka cire sinadarin. Amma na jabu da haɗe-haɗen kasuwa ba wanda ya auna su. Shawarata ita ce ki fesa inda tufafi suke rufewa, ko a kan tufafin, bayan kin gwada a wurin da ba a gani don kada ya ɓata yadi. Kada kuma wata ta karanta wannan ta ce za ta goga ɓawon lemun tsami ko ruwansa a wuya ta fita rana, da sunan turare na araha. Ƙuna za ta samu.

Na biyu game da ajiya ne. Zafi da haske da iska suna lalata man lemu fiye da yawancin man ƙanshi. In ya lalace launinsa yakan yi duhu, ƙanshin ya juya kamar na fenti, yakan kuma sa ƙaiƙayi. Kada ki jera kwalbar a bakin taga ko a kan madubi don baƙi su gani, kada a bar ta cikin mota. Ki mayar da ita kwalinta, ki sa cikin akwati tsakanin tufafi, a ɗakin da ya fi sanyi. Kada kuma ki yi ta ɓoyonta shekara da shekaru kina jiran ranar biki, gama in an buɗe kwalba ta fara tsufa ke nan. Ki nisantar da ita daga fitila da murhu, domin barasa tana kama wuta, ki kuma ajiye ta inda hannun yara ba ya kai.

YADDA AKE BINCIKEN JABU

Jabu yana nan da yawa, ba zan ce babu ba. Amma ga inda ake nemansa. Ki duba gindin kwalbar da gindin kwalin: akwai 'yar lamba da masu yi suke bugawa, ta kwalba da ta kwali su zama ɗaya. Ki duba rubutun, ko akwai kuskuren harafi ko tawada mai gogewa. Ki duba murfi da kan feshi, ko suna zaune daram ko suna yoyo. Sa'an nan ki bi ƙanshin kamar yadda na yi. Na kirki yakan sauya daga lemu zuwa fure zuwa itace a hankali. Na banza sau da yawa barasa ce take bugun hanci da farko, sa'an nan ƙanshi guda mai zaƙi kamar na sabulu, ba ya sauyawa har ya mutu. Abin da ya fi duka sauƙi kuwa shi ne rasit. Babban kanti a Turai yakan ba da shi, in kuma da katin banki aka biya, akwai shaida a wurin banki. A tambayi yaron cikin lumana, ba da fushi ba.

HUKUNCINA

Yanzu ga tambayarki ta biyu, ko ya kamata a sake saye. Bari mu yi lissafi. Kwalba mai mililita 100 takan ba da feshi wajen 1,000. In kina fesa sau huɗu da safe, ki sake sau huɗu da rana, kamar yadda irin wannan turare yake bukata a garinku, feshi takwas ke nan kowace rana. Kwalbar za ta ƙare cikin kwana 125, watau wata huɗu da 'yan kwanaki. Ki raba kuɗin da aka biya gida huɗu, ki ajiye kashi guda kusa da kuɗin makarantar yara da na cefanen wata. Ke da maigidanki kuka san amsar, gama ku kuka san aljihunku.

Ni dai ga ra'ayina. Wajen daɗin ƙanshi, turaren lemu mai tsada na kirki ne ƙwarai, ban kuwa san wani iri da ya fi shi dacewa da bazara ba. Wajen daɗewa, rarrauna ne, ba kuwa laifin mai saye ba ne. Wajen kuɗi, bai dace da gidan da yake ƙirga kwanakin albashi ba. Wanda yake da hali, ba bashi, ba a tauye wa yara kome ba, ya saya ya more, amma ya sayi ƙaramar kwalba wadda za ta ƙare kafin ta lalace. Wanda ba shi da hali, akwai ruwan Kolon na talakawa, irin su 4711, wanda kuɗinsa bai kusa da na manyan gidajen ba, yana kuwa ba da wannan sanyi na bayan wanka. Kowane za ku saya, kada ku yi cinikin biri a sama. Ku fesa a hannu a kanti, ku fita cikin rana, ku yi sa'a uku kuna harkarku, sa'an nan ku yanke shawara. Minti biyar na farko kowane turaren lemu gwani ne.

Ke kuwa 'yata, kwalbar tana hannunki, an riga an biya. Ki yi amfani da ita da farin ciki: da safe bayan wanka, da maraice in rana ta yi sanyi, da kuma a hankici don tsakar rana. Humrarki ki ajiye ta sai hunturu. Ki gode wa maigidanki, gama mutumin da ya yi watanni yana tara kuɗi a ɓoye dominki ya ba ki abin da ya fi turaren. Sa'an nan ki karanta masa wannan shafi, ki roƙe shi ya ɗauki kwalin ya tafi wurin ƙanensa da ƙafarsa, su duba lambar tare, su duba rasit. In yaron ya yi gaskiya, wa ya nemi gafarar ƙanensa, ba abin kunya ba ne. In kuwa a kantin aka cuce shi, to, shi ma cutarsa aka yi, ba ɓarawo ba ne. Mako uku sun isa. Matan unguwa da suka kawo maganar ba su ne za su zauna da ku ranar wahala ba, ƙanen nan ne.

Ki sake rubuto mini in ji yadda aka ƙare. Sauran masu karatu kuma, ina jiran wasiƙunku kamar kullum. Ku sha ruwa da yawa, ku tsare yara daga rana. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.